DORUGU ƊAN DAMAGARAM, YARON AYARI DA YA ZAMA MALAMI

A wannan fitowa ta ƴar jaridar ƙungiyarmu za mu kawo muku tarihin wani mutumin ƙasar Damagaram da ya rasu tun cikin shekara ta 1912, sunansa Dorugu. Bai yi sarauta ba, bai kuma tara dukiyar fatauci ba. Yaron ayari ne, mai jan akalar raƙumi, amma da wannan aiki ya je Tambutu, ya ƙetare hamada har Tarabulus, ya shiga jirgin ruwa ya ga Ingila da Jamus, ya komo gida ya ƙare kwanakinsa yana koya wa yara karatu a Kano.

Mu mutanen Alakos ba baƙin ayari ba ne. Tsofaffinmu na Garazu da ƙauyukan kewaye sun ga raƙuman Abzinawa suna saukowa da kantun gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, suna komawa da hatsi. Kowa ya sani a cikin kowane ayari akwai masu kaya, akwai kuma waɗanda ba su da ko taiki guda, ƙarfinsu ne guzurinsu. Ana kiran sunan madugu a waƙa, ana tunawa da jagaba, amma yaron da ya yi ɗauri da sauke tun daga zangon fari har na ƙarshe da wuya a riƙe sunansa. Dorugu yana cikin ƴan kaɗan da sunansu bai ɓace ba, kuma ga yadda abin ya kasance.

ASALINSA DA KAMUNSA

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, a wajen Kance, kudu maso yamma da birnin Damagaram. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Yaron ya tashi kamar kowane ɗan talaka na wancan zamani, da damina gona, da rani abin da ya samu.

A lokacin ƙasar Damagaram tana bin Barno, tana kai gaisuwa Kukawa wurin Shehu Umar, kuma cikin gaisuwar har da bayi. Sarakuna sukan kai hari ƙauyuka su kwashe mutane, wani lokaci ma ƙauyukan da suke ƙarƙashinsu. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Richardson, wanda ya sauka Damagaram a farkon shekara ta 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya ga irin wannan kamu da idonsa ya rubuta. A cikin irin wannan hari ne aka kama Dorugu, yana da shekara goma da ƴan kai. Aka kai shi birnin Damagaram, daga nan aka kora shi Kukawa, inda ya faɗa hannun wani Balarabe.

YADDA YA SHIGA AIKIN TAFIYA

A cikin watan Maris na 1850 Turawa uku suka taso daga Tarabulus, gwamnatin Ingila ta aiko su su ga ƙasashen Sudan. Shugabansu shi ne Richardson ɗin nan, sauran biyun Jamusawa ne, Barth wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da Overweg wanda ake ce wa Tabib, watau likita. Sun biyo ta Murzuk da Gat da Abzin, suka gangaro tare da ayarin gishiri na Kel Ewe, suka rabu a Damargu, maƙwabtanmu, cikin watan Janairu na 1851, da shirin su haɗu a Kukawa. Richardson bai kai ba, ya mutu a hanya cikin watan Maris. Biyun suka iso.

Tabib mutum ne mai son yawo. Har wani jirgin ruwa suka kawo gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma tun daga bakin teku, aka harhaɗa shi, ya shiga tafkin Cadi da shi. Mai irin wannan yawo dole ya nemi masu kula masa da dabbobi, ta haka ne Dorugu ya shiga hidimarsa yana kula da raƙuma. Da Tabib ya ga hankalin yaron da ƙwazonsa sai ya fanshe shi, ya ƴanta shi. Haka kuma ya yi wa wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Tabib, ya mutu ran 27 ga Satumba 1852 a Maduwari, bakin tafkin Cadi, yana da shekara 30.

To, ga yaro ɗan shekara 12 ya sami kansa, amma ba uwa ba uba a kusa, ba gona, ba ko wuri guda a hannu. Ɗa maras gata a kan hanyar Barno a wancan zamani, kafin ya yi zango biyu wani ya sake ɗaure shi. Saboda haka shi da Abbega suka koma hidimar Abdulkarim, wanda yake shirin tafiya Tambutu.

DAGA KUKAWA ZUWA TAMBUTU

Sun bar Kukawa ran 25 ga Nuwamba 1852 da dawaki 4 da raƙuma 4. Babban baran Abdulkarim shi ne Muhammadu mutumin Gatrun ta ƙasar Fezan, wanda aka yanka wa ladan riyal 4 na azurfa kowane wata, da alkawarin ƙarin riyal 50 idan an komo lafiya. Don ku gane nauyin kuɗin, a kasuwar Kano a waɗannan shekaru riyal guda wuri 2,500 ne. Dorugu shi ne ƙarami a cikinsu, kuma kun san abin da yake kan ƙarami a tafiya.

Aikin yaron ayari ba ya ƙarewa. Tun kafin assalatu ya tashi ya nemo raƙuma inda suka yi kiwo, ya kwance dabaibayi, a gurfanar da su a yi ɗauri, a daidaita kaya kada gefe guda ya rinjaya ya yi wa dabba miki. In an kama hanya shi ne a ƙasa da akala a hannu, masu gida suna bisa. In an sauka zango shi ne zuwa rijiya da salka, shi ne neman itace, shi ne hura wuta, shi ne yankan ciyawar dawaki. Da dare ya yi barci da kunne ɗaya saboda ɓarayi da kuraye. Wanda ya yi sakaci raƙumi ya ɓace, ko salka ta tsiyaye, ya jawo wa ayari duka wahala. Ladansa na farko shi ne ci da sha da sutura, da kuma inuwar ayari, domin mutum ɗaya ba ya bin waɗannan hanyoyi.

Hanyarsu ta biyo ta ƙasar Manga mai gishiri da kanwa, ta shigo Muniyo. Cikin watan Disamba 1852 suka sauka Gure, inda Abdulkarim ya gai da Muniyoma Koso. Watau Dorugu ya kwana a garin da muke zuwa yau neman takardu da asibiti, kudu da mu kaɗan. Daga Gure suka bi ta Gidimuni da Mirya, suka shiga Damagaram ran 25 ga Disamba. Birnin da aka shigo da shi a ɗaure, ga shi ya komo cikinsa ɗa. Sun yi wata guda da ƴan kwanaki a nan suna jiran kuɗi daga arewa, har riyal 1,000 suka iso a ɓoye cikin akwatunan sukari.

A ƙarshen Janairu 1853 suka tashi, suka bi ta Gazawa zuwa Katsina, inda aka sayi riguna da turkudi da sauran hajar da za a riƙa bayarwa gaisuwa a gaba. Suka wuce Wurno da Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka je Gwandu zamanin Halilu. Ran 20 ga Yuni suka iso bakin Kwara a Sayi, aka yi musu fito da mutane da dabbobi. Daga nan suka ratsa Gurma zuwa Dori da duwatsun Hombori, a tsakiyar damina, ga caɓi ga sauro, raƙuma kuwa ba sa son laka. A wannan yanki Abdulkarim ya ɓad da kama ya ce shi Balarabe ne, domin mutanen Masina ba za su bar Nasara ya wuce ba. Ku duba nauyin da ya hau kan barorinsa. Da ɗayansu ya yi suɓul da baka, ko don tsoro ko don kwaɗayi, da tafiya ta ƙare a nan. Yaro ɗan shekara 13 ya riƙe bakinsa.

Sun shiga Tambutu ran 7 ga Satumba 1853. Da asiri ya tonu, Sarkin Masina na Hamdallahi ya nemi a kori baƙon ko a miƙa shi, amma babban malamin Kunta, Shehu Ahmadu Albakkayi, ya tsaya ya ce baƙonsa ne, ba mai taɓa shi. Suka yi wajen wata 8 a birnin da kewayensa, yau a cikin gari gobe a tanti, kullum cikin zullumi, maigidan kuwa yana fama da zazzaɓi.

KOMOWA DA ƘETARE HAMADA

Cikin watan Mayu 1854 suka juyo, suka bi gaɓar kogi ta Gawo har Sayi, suka sake bi ta Gwandu da Sakkwato, suka shiga Kano cikin watan Oktoba. A Kano suka tarar labari ya bazu har Turai cewa Abdulkarim ya mutu. Ba kuɗi ba kaya, ga bashin ladan barori ya taru. Sai da ya ci bashi wurin fataken Gadamas, a kan zai biya ninki biyu, sannan suka iya tashi. Ran 1 ga Disamba suka yi kiciɓis a daji kusa da Bundi da wani Bajamushe mai suna Vogel, wanda aka aiko ya tallafa wa tafiyar. Ran 11 ga wata suka shiga Kukawa, bayan shekara biyu da ƴan kwanaki da barinta.

Cikin watan Mayu 1855, a tsakiyar bazara, suka kama hanyar arewa tare da wani ƙaramin ayari na Tubawa. Suka bi ta Gigimi da Agadem da Dibela, suka ratsa tudun rairayi har Bilma da sauran garuruwan Kawar. Saboda zafi yawancin tafiyar da dare ake yin ta. Wannan ita ce hanyar da aka daɗe ana kora bayin Barno da na Hausa a kanta zuwa Fezan, kuma a bakin wasu rijiyoyinta ƙasusuwan waɗanda suka gaza a warwatse suke. Da Tabib bai fanshe shi ba, mai yiwuwa ne da ita Dorugu zai bi, amma da igiya a wuya. Suka kai Murzuk cikin Yuli, suka kai Tarabulus ƙarshen Agusta, yaron Dambanas ya ga teku. Daga nan jirgin ruwa ya kai su Malta da Marsai, jirgin ƙasa ya ratsa Faransa da su, suka shiga London ran 6 ga Satumba 1855. Abdulkarim ya kuma tafi da su Jamus, suka ga mutanen gidansu a Hambug.

SHEKARUN INGILA

Abdulkarim ya yi niyyar mai da yaran biyu gida, har an shirya musu jirgi a farkon 1856. Amma akwai wani limamin Kirista, shi ma Bajamushe, mai suna Schön, wanda ya shigo Kwara a jirgi cikin 1841, ya koyi Hausa a bakin ƴantattun bayi, har ya buga ɗan littafin kalmomi cikin 1843. Shekara da shekaru yana neman Bahaushe na ainihi da zai zauna da shi. Da ya ji labarinsu sai ya tare su ya kai su gidansa a wajen Catam. Wannan abu ya ɓata wa Abdulkarim rai ƙwarai, ya jawo saɓani tsakaninsa da Schön. Cikin 1857 aka yi wa yaran biyu baftisma, aka ƙara wa Dorugu sunan James Henry. A shekarar nan Abbega ya komo Afirka, daga baya ma ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864.

A waɗannan shekaru ne ya yi aikin da ya sa muke maganarsa yau. Ya koyi Ingilishi, ya koyi karatu da rubutu. Yana faɗa Schön yana rubutawa da baƙaƙen boko: tatsuniyoyi, da karin magana, da labarin rayuwarsa tun daga gonar ubansa har titunan London. Ya bayyana kamunsa, da biranen da ya gani, da tafiyar hamada, da yadda Turawa suke jerawa su shiga cin abinci maza riƙe da hannun mata, da yadda suke zama a tebur. Turawa da yawa sun zo sun dube mu sun rubuta, shi kuwa ya je ya dube su ya faɗi abin da ya gani, da Hausar da ya sha a nono.

Da taimakonsa Schön ya fassara wasu sassa na Linjila da Attaura, ya buga littafin nahawun Hausa cikin 1862, da ƙamus cikin 1876, da littafin Magana Hausa cikin 1885, wanda labarin Dorugu yake ciki. Cikin 1877 masanan Faransa suka ba Schön lambar girma saboda aikinsa na Hausa, cikin 1884 jami'ar Okusfod ta ba shi digirin girmamawa. Schön bai ɓoye taimakon Dorugu ba, ya ambace shi, amma sunan da yake bisa bangon littattafan nasa ne, lambar ma shi ya karɓa. Haka kuma littafin tafiyar Abdulkarim mai juzu'i 5, wanda ya fito cikin 1857 da 1858, ya sa sunan maigidan ya cika duniya, yaran biyu kuwa hotonsu ne a ciki da ƴan layuka.

KOMAWA GIDA DA ƘARSHENSA

Dorugu ya komo Afirka cikin 1864, shekara guda kafin Abdulkarim ya mutu a Balin. Harshe ya zama jarinsa. Cikin 1867 wani matafiyi Bajamushe mai suna Rohlfs, wanda ya ratso daga Tarabulus zai tafi Ikko, ya same shi a ƙasar Nufe zamanin Sarki Masaba yana aikin tafinta.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa ta kudu, suka ba wani mai suna Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, aikin kafa makarantar boko. Shi ma ya bi hanyar Tarabulus zuwa Barno ta Bilma da ayari cikin 1906. Ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, kuma cikin malamanta na farko akwai tsoho Dorugu, yana koya wa ɗalibai karanta Hausa da baƙaƙen boko. A nan ya rasu cikin 1912, yana da shekara saba'in da ƴan kai. Gidan Ɗan Hausa yana nan a Kano, an mai da shi gidan tarihi. Cikin 1971 wasu masana biyu, Kirk-Greene da Newman, suka sake fitar da labarin Dorugu da Ingilishi, suka haɗa shi da na Maimaina Sarkin Askira, jikan Abbega, wannan karon da sunan mai labarin a fili.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ƴan'uwa, ayarin raƙuma ya ragu, amma tafiya da ƙarfin jiki ba ta ragu ba. Da an gama girbi samarinmu sukan watse cin rani, wasu Damagaram, wasu Kano, wasu su bi ta Agadas da Dirku su nufi Libiya, kusan sawun da Dorugu ya bi. Sukan yi ƙwadago a wannan gari su sami kuɗin motar gari na gaba, kamar yadda alhazan dā suke yin shekaru a hanyar Makka suna noma da ɗinki har su kai. Ba abin kunya ba ne, tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma tarihin nan ya nuna mana abu uku.

Na ɗaya, mai aiki a hanya ya san ladansa tun kafin a tashi, a gaban shaidu. Muhammadu na Gatrun ya yanka nasa tun a Kukawa, ya san abin da yake bi. Wanda ya tashi a kan sai mun je ma gani, yakan komo da tsumma.

Na biyu, ƙarfi yana ƙarewa, abin da aka koya ba ya ƙarewa. Yara nawa ne suka ja akala tsakanin Barno da Fezan? Abin da ya raba Dorugu da su shi ne ya buɗe kunnensa ya koyi harsuna, da dama ta samu kuma ya koyi karatu yana saurayi. Da ƙafa ta gaza, karatun ne ya ci da shi har ya tsufa. Iyayen da suke fid da yaro daga lakwal tun bai iya haɗa baƙi ba, don ya bi manya cin rani, su yi tunani a kan wannan. Ku bar shi ya iya karanta takarda da lissafin ladansa tukuna, hanya tana nan ba ta gudu.

Na uku, kada mu rena mutum don asalinsa ko don ƙanƙantar aikinsa. Har yau akwai masu gori da bauta a garuruwanmu, alhali kuwa wanda aka kama a gonar ubansa ba shi ne mai laifi ba. Wannan yaro da aka sayar a Kukawa yana cikin waɗanda suka fara shimfiɗa rubutun da kuke karanta wannan takarda da shi.

A ƙarshe muna roƙon ƴan makarantarmu, tsofaffi da sababbi, da su zauna da dattawan da suka yi fatauci ko suka bi ayari, su rubuta abin da suka faɗa, da sunayen zanguna da rijiyoyi da irin aikin da suka yi, kowa da sunansa bisa labarinsa, su kawo wa ƙungiya a ajiye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai matafiyanmu lafiya ya komo da su lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Daga wani malamin lakwal na ƙasar Alakos